SHARHI: Wa zai biya diyyar gwiwar mai shimfiɗa kafet?

Daga Kausani zuwa cikin garin Wudil, duk masallaci ko ofis ko ɗakin amarya da aka ƙawata da kafet ko tayil, da gwiwar wani matashi aka yi aikin. Wuni yake yi a durƙushe a kan siminti, yana awo, yana yanka, yana ja. Likitoci sun san abin da ke biyo baya: 'yar jakar ruwan da ke gaban ƙoƙon gwiwa ta kumbura, guringuntsi ya zaizaye, amosanin gaɓɓai ya kama mutum tun da sauran ƙarfinsa.

Amurka ta taɓa auna girman wannan illa. A 1990, hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta ƙasar, NIOSH, ta yi gargaɗi cewa masu shimfiɗa kafet ba su kai kashi 0.06 cikin 100 na ma'aikata ba, amma su ke shigar da kashi 6.2 na buƙatun diyyar raunin gwiwa. Ta ba da shawarar ɗaura makarin gwiwa, da amfani da na'urar miƙar da kafet a maimakon ƙarfen da ake doka da gwiwa.

A Najeriya ma akwai doka. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun NSITF, kuma ta haɗa da masu aiki a sana'o'in da ba su da rajista. Sai dai yaron da maigidansa ke sallama da kuɗin wuni ba shi da takardar ɗaukar aiki, balle sunansa ya shiga wani asusu. Ranar da gwiwa ta ƙi, shi da iyayensa ne za su nemi kuɗin zuwa Asibitin Ƙashi na Dala, ko su ƙare a wurin mai ɗori.

Gwamnatin Kano da Ƙaramar Hukumar Wudil na da hanyar gyara a hannunsu, domin su ma suna ba da kwangilar ofisoshi da makarantu. Su sanya sharaɗi a rubuce: makarin gwiwa ga kowane ma'aikaci, hutu tsakanin sa'o'in durƙuso, da shaidar rajista da NSITF kafin a biya ɗan kwangila. Kwamitocin masallatai ma za su iya neman makarin da hutun daga duk wanda suka ba aiki. Wannan buƙata ce da ya dace matasan mazaɓar Kausani su kai gaban kansilansu.