Baba Yara Ba Sunan Fili Ba Ne Kawai

Ranar wata Asabar a shirina na wasanni na yi wa masu sauraro tambaya: wane ne Baba Yara? Wani saurayi daga Aboabo ya bugo waya ya ce, "Filin Kotoko ne mana." Muka yi dariya a situdiyo, amma da na koma gida abin ya tsaya mini a rai. Wannan yaron, ka tashe shi daga barci ma zai lissafa maka ƙwallayen Ronaldo.

To ga amsar. Sunansa Usman Seidu, an haife shi a 1936. Ya shiga Asante Kotoko a 1955, yana buga gefen dama, har aka yi masa laƙabin sarkin 'yan gefe na Afirka ta Yamma. Da shi Kotoko ta ci gasar ƙasa a 1959. Da Ohene Djan ya kafa Real Republikans zamanin Nkrumah, yana tsamo gwanayen kowace ƙungiya, Yara na cikin waɗanda aka ɗauke zuwa Accra. A watan Maris 1963 motarsu ta yi haɗari a Kpeve, suna dawowa daga wasa a Kpando. Lakarsa ta taɓu yana da shekara 26. Aka kai shi asibitin Stoke Mandeville a Ingila, bai sake takawa ba. A Disambar shekarar Black Stars suka ɗauki kofin Afirka ba shi. Ya rasu a Mayun 1969.

Wasu za su ce ai gwamnatin Kufuor ta sa wa filin sunansa, me ya rage? Saura namu. Mu 'yan Zango kullum kuka muke ana kiranmu baƙi, muna tuna dokar Busia ta Nuwamban 1969 da ta kori dubban mutane. Ga ɗan Musulmi da ya ɗauki tutar Ghana tun kafin wannan doka, amma a majalisar ataya ba mai ambatonsa. In ma an tuna shi, sai a ce "wanda ya yi haɗari", kamar bai taɓa buga ƙwallo ba.

Dattawan da suka gan shi da idonsu sun haura tamanin. Na soma binsu gida-gida da rikoda. Wanda yake da kaka irin wannan a Asawase ko Sabon Zango, ya kira ni kafin ƙasa ta rufe musu ido.