Ra'ayinmu: Injin ban ruwa kaɗai ba ya raya garkar lemu

A ƴan shekarun nan, matasan birane da ƴan ci-rani da dama suna zuba gumin goshinsu a garkar itatuwa. Wanda ke Abijan, Legas ko Aljeriya zai aiko da kuɗi a sayi fili, a haƙa rijiyar burtsatse, a ɗora injin mai aiki da hasken rana, a dasa lemu. Wannan abin a yaba ne, domin lemun Timiya a tsaunukan Abzin da na Gaya sun nuna cewa ƙasarmu tana iyawa. Sai dai kusan duka kuɗin kan ƙare a kan ruwa, a manta da ƙasar da za ta ɗauki itacen shekaru masu yawa.

Damina a nan wata uku ce zuwa huɗu, sauran shekara da ban ruwa lemu ke rayuwa. Tun da rana ba ta karɓar kuɗin mai, ana barin injin yana malala ruwa tun safe. A ƙasar rairayi, wannan ruwan yana wanke taki ya kai shi can ƙasa inda saiwar lemu ba ta kaiwa, domin yawancin saiwoyinsa a sama-sama suke. Ruwan da ke kwanciya a gindin itace kuma yana jawo cutar da ke sa ɓawo fitar da ƙaro, gindi ya ruɓe.

Ban ruwa ɗigo-ɗigo yana rage wannan ɓarna. Ba baƙo ba ne a Nijar, cibiyar ICRISAT ta Sadore kusa da Yamai ta daɗe da gwada shi a ƙananan garake. Amma shi ma yana da sharuɗɗa. Yana buƙatar matata don kada ƙofofin tiyo su toshe. Idan ruwan yana da gishiri ko kanwa, sukan taru a gefen wurin da ke jiƙa, lemu kuwa ba ya jure gishiri, don haka lokaci-lokaci sai an ba da ruwa mai yawa ya wanke su. Sannan ɗigo ruwa yake kawowa, ba ya ƙara wa ƙasa ƙarfi.

Nan ne surkin shuka ke da amfani. Ana barin mita 6 zuwa 7 tsakanin itatuwa, lemun aure kuma yakan yi shekara 3 zuwa 4 kafin ya fara ba da ƴaƴa. Wake ko gyaɗa a wannan filin suna rufe ƙasa daga zafin rana da iska, suna rage ciyawa, ƴan ƙulle-ƙullen da ke saiwarsu suna jawo sinadarin nitirojin daga iska. Mai garka kuma ya samu na cefane kafin lemu ya nuna. A bar aƙalla mita ɗaya daga gindin itace, a guji kusanto da dawa ko masara, don suna kishi da ƙaramin dashe wajen ruwa da haske.

Mun san harawa kuɗi ce, musamman da bazara. Amma idan aka kwashe ta kakaf zuwa kasuwa, an kwashe yawancin abin da waken ya tara. A bar wani kaso ya rufe ƙasa, ko a ba dabbobi a mayar da takinsu garka. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Muna kira ga ma'aikatar noma da cibiyar bincike ta INRAN su kai gwajin ƙasa da na ruwa kusa da masu garake a gulbin Maraɗi, Korama da Ƙonni, tare da bayani cikin Hausa a gidajen rediyon karkara. Kai kuma da ke aiko da kuɗi, ka ware kason taki, irin wake da matata tun a lissafin farko. In ka buga waya gida, bayan ka tambayi lafiyar injin, ka tambayi abin da aka shuka tsakanin itatuwa.