Wa ya ce mai zane ba zai karanci tarihi ba?

Bara ƙanwata ta samu bak. Yarinya ce da tun tana firamare take cika bayan littattafanta da zane, ga son tarihi, ga kunnen tatsuniya. Da muka je rajista, ta tambayi ma'aikacin ko za ta iya haɗa tarihi da zane da koyon fim. Ya ce, "Ɗiyata, ki zaɓi filiyar guda. Ba a tauna taura biyu." A gida ma kawunmu ya ƙara da cewa zane ba ya kai mutum buro.

Ni dai ban yarda ba. Ga dalilina.

Ku dubi waɗanda suka fitar da sunan Nijar waje. Moustapha Alassane bakanike ne tun farko. Ya haɗa zane da gyaran inji da tatsuniya, ya zama cikin na farko da suka yi fim ɗin zane mai motsi a Afirka, ya yi shekaru yana aikinsa a Tawa. Oumarou Ganda tsohon soja ne da ya yi dako a tashar jiragen ruwa ta Abijan, amma shi ya ɗauki babbar kyautar FESPACO a 1972. Falké Barmou, maginin masallacin Yama, da laka ya samu kyautar Aga Khan a 1986. Mariam Kamara kwamfuta ta fara karanta, daga baya ta koma zanen gine-gine, tana cikin waɗanda suka tsara cibiyar Hikma ta Dandaji. Cikinsu babu wanda ya bi layi ɗaya. Muna alfahari da su a bakin biki, amma yaron da ya ce zai bi sawunsu sai mu rufe masa ƙofa.

Abin haushin, tsarin LMD da jami'o'inmu ke bi an gina shi kan kiredi ne: 30 kowane zango, 180 kafin lisansi. Amfanin kiredi shi ne a tara shi, a ɗauke shi daga nan zuwa can. To in ɗalibi ba zai iya zaɓen ko darasi ɗaya a wani sashe ba, mun ɗauki sunan tsarin mun bar cikinsa ke nan. Ga shi tun 2025 an ce Hausa ce harshen ƙasa. Wa zai zana littattafan yara? Wa zai rubuta wasan rediyo, ya fassara fim? Mai wannan aiki sai ya san harshe, ya san tarihi, hannunsa kuma ya iya.

Sai dai, ƴan uwana matasa, mu ma da namu laifin. Na san da yawa masu cewa "ni komai ina taɓawa". Yau waƙa, gobe hoto, jibi ɗinki, shekara biyar babu abu ɗaya kammalalle da za su nuna. Wannan yawo ne. Irinsu ne ke ba kawunmu gaskiya. Wanda zai tsara wa kansa karatu, dole ya fi mai bin filiyar tsanani, don babu mai buga masa ƙararrawa.

Ga abin da muka yi da ƙanwata. Muka zauna da takarda da biro, muka amsa tambaya uku. Me za ki nuna bayan shekara uku? Me kike buƙatar koyo, kuma a wurin wa? Wa zai duba aikinki ya gaya miki gaskiya?

Ta farko ta amsa ta da kanta: fim ɗin zane na minti goma, da Hausa, a kan adon bangon gidajen Birnin Damagaram. Daga nan muka yi lissafi baya-baya. Shekarar farko: rajista a sashen tarihi, zane awa ɗaya kullum, ƙa'idar rubutun Hausa, da hira da dattawa biyar. Ta biyu: hutun damina wajen magini tana koyon yadda ake fitar da ado a jikin laka, tare da koyon Krita da Blender, waɗanda kyauta ake saukar da su. Ta uku: rubuta labari, lissafin kuɗin aiki, haɗa fim, da yi masa rajista a BNDA don kada a cinye mata gumi. Masu dubawa biyu ne, malamin jami'a ɗaya da magini ɗaya, duk wata shida. Abin da bai taimaki fim ɗin ba, ko tana sonsa, ya jira. Ta so koyon gurmi, muka ce ba yanzu ba.

Amma duk wannan wahala, a takardar lisansinta tarihi kawai za a rubuta. Sauran kamar ba ta yi ba. Nan ne rashin adalcin yake, kuma nan ne nake kira ga shugabannin jami'o'inmu na Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa. A bar wa ɗalibi kiredi 30 cikin 180 ya zaɓa da kansa, bisa tsari rubutacce da malami ya sa wa hannu. A lissafa zama wajen magini, baduku ko makaɗi a matsayin istaj. A karɓi fim ko littafin zane, haɗe da bayani a rubuce, a matsayin aikin kammala karatu. Babu ɗaya cikin ukun nan da ke buƙatar sabon gini.

Kai kuma da ke jiran a buɗe maka ƙofa, ɗauko takarda daren nan ka amsa tambaya ta farko. In ba ka da abin da za ka nuna bayan shekara uku, kada ka ga laifin kawu.