Tsakanin Buɗe Kwali da Miƙa Makulli



Da yawa daga cikin baburan da ake hawa a Kano da Katsina da Sakkwato, irin su Bajaj da TVS na Indiya, ko Jincheng da Haojue na ƙasar Sin, a cikin kwali suke isowa shagon dila, ƙafar gaba daban, kan babur daban, sai bakanike ya zauna da sifana ya harhaɗa su. Saboda haka idan aka ce maka babur sabo ne dal, ya kai ɗan'uwa mai karatu, ka sani hannu biyu ne suka yi shi: hannun masana'anta da hannun wanda ya haɗa. Kowane daga cikinsu kuwa yana iya barin aibi.

A wannan zaman haɗin ne ake ganin abin da mai saye ba zai gani ba. Wani aibin ƙarami ne: notin ƙafa bai ɗauru ba, sarƙa ta yi sako-sako ko ta ɗaure tamau, birki bai kama ba, bakin mai bai kai ma'auni ba, taya babu isasshiyar iska. Waɗannan gyaransu yana cikin aikin haɗi, wanda ya gyara ya yi shiru bai ci amanar kowa ba. Amma akwai irin wanda ya wuce nan: tanki ya loɓa a hanya aka buge shi aka fesa fenti, shokazoba tana tsatsar mai aka goge da tsumma, ko zaren noti ya cinye aka cusa shi da ƙarfi. Wannan kam, a ra'ayina, ko an rufe shi har ido bai gani ba, dole ne a faɗa wa mai saye kafin makulli ya shiga hannunsa.

Na san hujjar 'yan kasuwa. Za su ce ai ba mu muka ƙera ba, haka ya zo, kuma idan muka faɗa sai ya nemi ragi. To, ragin nan haƙƙinsa ne. Imam Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya wuce wani mai sayar da abinci, ya cusa hannunsa cikin tsibin, ya ji danshi a ƙasa. Mutumin ya kawo uzurin ruwan sama, amma uzurin bai karɓu ba, aka umarce shi da ya ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani. A lura, ba shi ya jiƙa abincin ba, laifinsa ɓoyewa. Don haka malaman fiƙihu suka ba mai saye zaɓin mayar da kaya idan ya tarar da tsohon aibin da ba a bayyana masa ba. Dokar Najeriya ta kare haƙƙin masu saye, ta shekarar 2018, ita ma ta ba shi damar mayar da kaya mai aibi.

Sai dai danshin hatsi asarar kuɗi ce kawai, birkin babur kuwa rai ne. Kuma wa ya fi sayen irin waɗannan babura? Ɗan acaɓa da ya karɓa bashi, yana kai balas kullum, ko manomin da ya sayar da amfanin gonarsa. Idan inji ya buga bayan sati biyu, babur yana garejin bakanike, balas bai daina tafiya ba, iyali kuma suna jiran cefane.

Mu masu saye ma muna da namu sakacin. Kunya takan hana mutum dubawa, wai kada a ce ya zargi Alhaji, ga 'yan rakiya suna ta Allah ya sanya alheri, ya tsare. Dubawa ba zargi ba ce. Ka je da bakaniken da ka yarda da shi, in da hali a buɗe kwalin a gabanka. A tayar da inji yana sanyi a saurare shi, a ɗora babur bisa jak a juya ƙafafu, a taka birki, a matse kuloci, a bi giya ɗaya bayan ɗaya, a kunna fitila da sigina. A bar shi tsaye minti 10 a duba ƙasa ko mai ya ɗiga. Sannan a gwada lambar inji da ta shasi da abin da aka rubuta a rasit, kafin a ƙirga kuɗi.