Waca: mai ciwon hanta na iya rasa ƙodarsa tun kafin ya kai Damagaram

Duk ranar 28 ga watan Yuli ana bikin yaƙi da ciwon hanta, amma a karkara kamar Waca, cikin gundumar Magarya, ba kasafai ake faɗa wa majinyata cewa hanta in ta lalace tana jan ƙoda ba.

Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ƙiyasta mutum miliyan 254 na ɗauke da ciwon hanta nau'in B a 2022. Idan ya daɗe yana ƙandarar da hanta, ruwa ya taru a ciki, jinin da ke isa ƙoda ya ragu. A wannan hali gudawa, amai ko ƙishirwar bazara sun isa su tsayar da fitsari.

Babban haɗarin yana kan tiren masu tallar magani. Diklofenak da ibuprofen, da manomi ke sha don ciwon jiki, suna ƙara rage jinin ƙoda. Mai kumburin ciki da ya haɗa su da jiƙe-jiƙe yana ƙara wa kansa ciwo.

Masu dajin kaluluwa, wanda likitoci ke kira limfoma, su ma suna cikin wannan tarko. Maganin dajin na iya tayar da ciwon hanta B da ya kwanta, kuma ƙwayoyin dajin da ke fashewa suna toshe ƙoda. Shi ya sa ake gwada hanta da ƙoda kafin a soma magani.

Sai dai magani na da nisa. Wankin ƙoda sai manyan likitoci irin na Damagaram ko Yamai, cibiyar ƙasa ta yaƙi da daji kuma tana Yamai, tafiyar kusan kilomita 900 daga Damagaram. Wanki kuwa ba ya gyara hanta; jinkiri kawai yake samar wa majinyaci.

Don haka abin da zai ceci mutanen Waca da Dungas ya fi injin wanki araha: gwajin jini na ƙoda da na hanta a kusa da su, sa ido kan maganin kasuwa, da allurar rigakafin jarirai. Mai kumburin ciki ko idanu rawaya da fitsarinsa ya ragu, a kai shi likita a ranar.