Fitila na ci, kunkuru na lalacewa

Ranar wata Alhamis bayan an tashi, wani ɗalibina ɗan aji shida ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Malam, kunkuruna ya daina tafiya, bayansa kuma ya yi laushi." Na san gidansu a nan zangonmu na Kumasi, sai na bi shi bayan la'asar. Na tarar da ɗan kunkuru cikin akwatin gilashi a falo, fitila a samansa tana haske tas. Mahaifin yaron ya ce, "Malam, ai ba mu yi sakaci ba. Ƙanena ne ya aiko da ita daga Jamus, shekara biyu ke nan ba ta taɓa mutuwa ba." Na ce, "Alhaji, ai nan matsalar take."

Ra'ayina shi ne, fitilar nan da ake sayar wa masu kiwon kunkuru, damo da hawainiya ba abar dogaro ba ce sai ga wanda ya san ranar da ya ɗaura ta. Ga mu da ke ƙasar rana kuwa, yawanci ma asarar kuɗi ce.

Ga dalili. Cikin hasken rana akwai wani kashi da ido ba ya gani, ana ce masa UVB. Idan ya taɓa fatar dabbar, jikinta na haɗa bitamin D3, wanda da shi ne take cin moriyar sinadarin kalsiyam da ke cikin abinci. In babu shi, jiki sai ya koma yana ɗebo kalsiyam daga ƙashi. Muƙamuƙi ya yi laushi, ƙafafu su karkace, ƙoƙon bayan kunkuru ya dinga lotsawa in an danna. Cutar a hankali take shiga, kafin a farga ta yi nisa.

Turawa sun ƙera fitilun ne don ƙasashen sanyi, inda dabbar ke yin wata da watanni a ɗaki. Ƙwan fitila na gama-gari zafi kawai yake bayarwa, ba shi da UVB na kirki. Akwai doguwar fitila irin ta T8 da T5 mai ba da UVB amma zafinta kaɗan ne. Akwai kuma mai tururin zaiba, wadda ke haɗa zafi da UVB a ƙwai ɗaya. Abin da mai saye bai cika sani ba, ƙarfin UVB ɗin yana raguwa tun daga ranar da aka fara kunnawa, alhali hasken da ido ke gani yana nan daram. Shi ya sa ake ba da shawarar sauya T8 bayan kamar wata 6, T5 kuma bayan kamar wata 12. Ta gidan Alhaji ta ninka wa'adinta. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Ga kuma namu halin na wutar lantarki. Fitila mai zaiba ba ta son girgiza, ba ta son wuta mai hawa da sauka, kuma in ta mutu sai ta huce kafin ta sake kamawa. Wanda ya san dumsor ya san abin da nake nufi. Daɗin daɗawa, gilashin taga ko na akwati yana tare kusan dukkan UVB, don haka ajiye dabba a jikin taga rufaffiya ba shan rana ba ne.

Wani zai ce ai dabarar kamfani ce, a sa ka sayi sabuwa duk shekara. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin wata fitilar kan wuce wa'adinta da sauran ƙarfi. Amma ba a gane haka da ido, sai da na'urar awo irin Solarmeter 6.5, wadda kuɗinta ya fi na fitilar sau da yawa. Wanda ba shi da ita, alƙalami ne na'urarsa: ya rubuta kwanan wata a jikin fitilar.

Abin dariya ma, da dama daga cikin dabbobin nan daga wajenmu suka fito. Babban kunkurun nan mai haƙa rami ɗan yankin Sahel ne. Damo da ƙaramar mesa mai dunƙulewa kamar ƙwallo, daga Gana da Togo da Benin ake lodinsu zuwa Turai da Amurka. Can ana kashe kuɗi a kwaikwayi ranarmu, mu kuma muna sayo kwaikwayon mu rufe dabba a ɗaki.

Shawarar da na ba Alhaji ke nan: a kai shi wurin likitan dabbobi, sannan a kewaye masa wuri a tsakar gida inda hantsi ke sauka, da inuwa da ruwa da wurin ɓuya. Kada a fitar da shi rana cikin akwatin gilashi, zafi zai kashe shi nan da nan. Tsohuwar fitilar kuma kada a bar yara su fasa ta, zaiba guba ce. 'Yan'uwanmu da ke Turai, ku fitila ta zame muku dole, to ku kiyaye wa'adinta.

Na san wani zai ce mutane na fama da tsadar abinci, malam na zancen kunkuru. To, ba wanda ya tilasta mana kiwonsa. Amma da zarar ka kulle rai, haƙƙinsa ya hau wuyanka. Dukkanmu mun ji hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha. Yaron nan da ya tsaya a bakin ƙofa yana koyon riƙon amana ne daga yadda manya suka ɗauki kukansa. Kunkurun yanzu yana tsakar gida, ya fara jan jiki zuwa ganye, ko da yake lotsawar bayansa ba lallai ta koma daidai ba. Allah Ya ba mu ikon sauke haƙƙin duk abin da ke ƙarƙashinmu.