Kafin ka zuba dinari a na'urar gyaran hoto

'Yan uwa a nan Tamanrasset sun fara sayen talabijin mai 4K da majigi, yanzu kuma ana ta zancen ƙara na'urar gyaran hoto irin su Lumagen da madVR Envy, masu cin dubban daloli. Ni dai ban ga dalili ba.

Me muke kallo? Ƙwallo, Arewa24, da tsofaffin finafinan Kannywood irin su Sangaya. Hoton faifan DVD ɗigo 720 ne sau 576, na 4K kuwa 3840 sau 2160, ninki ashirin ke nan. Na'urar nan ƙiyasi take yi ta cike giɓin, ba ta iya dawo da abin da kyamara ba ta ɗauka ba. Talabijin ɗin naka ma yana da tasa a ciki, kuma ta wadatar.

Abin da ke kashe kaya a garin nan ƙura ce. Majigi iska yake zuƙa don ya huce, yashi ya toshe matatarsa, ya yi zafi ya mutu. Malam, sayi na'urar daidaita wuta, ka ɗinka wa majigin riga, ka sa labule mai kauri a taga. Ragowar kuɗin ka aika gida Agadez ko Damagaram.